Yadda Aka Rubuta Sunan Luwa, 'Yar Tam Mai Kifi

Bismillahi. Halima Sa'adiya jikata, ajiye wayar nan ki kama biro. Yadda na faɗa haka za ki sa, kada ki yi min kwalliyar 'yan boko.

Ni Sabo ne, masunci, haifaffen wani tsibiri a tsakiyar Tafkin Chadi, can gaba da Doron Baga. Amma wannan ba labarina ba ne. Labarin abokina Tam ne, da 'yarsa Luwa, wadda ta kai shekara takwas a duniya babu takarda ko ɗaya da ta san an haife ta, makaranta kuma ta ce ba ta karɓar wanda ba a haifa ba.

Ubanki ya kawo ni Dubai shekarar da aka buɗe jirgin ƙasan nan mai bi ta kan gada, don a cire min yanar ido. Da aka cire na ce a mayar da ni. Ya ce gida ba lafiya, in ɗan dakata. Ɗan dakatawar ce yau shekara shida. Zaman bene a Al Nahda kuwa, ga wanda ya saba buɗe ido ya ga ruwa iya ganinsa, kurkuku ne da aka sa wa sanyi. Shi ya sa na koyi hawa bas. Kullum bayan asuba in bi ma'aikata suna ta gyangyaɗi har Deira, in sauka a kasuwar kifi, in yi ta zagaye ina shaƙar ƙarni. Ba na sayen komai. Ƙarnin nake so.

A nan na ga wani ɗan siririn mutum, gajere, yana zaɓen kifi. Kowa ido yake dubawa, ya ɗaga kunnen kifin ya ga ja, shi ke nan. Shi wannan sai ya danna cikin kifin da babban yatsa, can wajen ƙasa, sannan ya kai yatsan hanci. Na ce a raina, wannan a kan ruwa aka yanke masa cibi. Na matsa ni ma na danna, na sansana, na girgiza kai. Shi ma ya girgiza. Mai kifin ya zage mu mu biyu da yarensa, muka tafi muna dariya. Abotar ke nan.

Za ki ce da wane baki muke magana. Ni ina da Larabcin Shuwa da na tsinta a tafki, shi yana da na kasuwa, yalla, kalas, shuwayya. Idan suka gamu sai su haifi wani yare na uku da ko Balarabe ba ya ji. Inda ya ƙare mu ƙarasa da hannu. Shekara biyar a haka, babu abin da bai gaya min ba.

Ɗan Kambodiya ne, ƙasa can gabas, bayan Indiya da nisa. Suna da wani tafki, Tonle Saf, wanda idan damina ta yi yakan kumbura ya haɗiye daji gaba ɗaya, sai kan bishiyoyi kawai ake gani. Mutanensu a kan ruwan suke zaune. Ba a tsibiri ba irin namu, a'a, gidan kansa a kan gora da duro yake, yana iyo. Shago a kan ruwa, kaji a kan ruwa, kifi a keji ƙarƙashin ɗaki. Ruwa ya ja baya a ɗaure gida da igiya a ja shi, ruwa ya dawo a jawo shi. A irin wannan gida aka haifi Tam, a nan aka haifi ubansa da kakansa. Sai dai asalinsu 'yan Biyetnam ne, ƙasar da ke maƙwabtaka da su. To a Kambodiya a ce musu 'yan Biyetnam, idan sun tsallaka Biyetnam a ce musu 'yan Kambodiya.

Tun yana shekara tara yake yanke kan kifi, a lokacin da suke yin wata daddawar kifi tasu mai wari. A nan wuƙa ta cinye rabin ɗan yatsansa na hagu. Bai taɓa shiga aji ba. Sa'arsa ɗaya, ubansa ya hau tudu ya zama mai gyaran injin jirgi a gari, ya samu takardar ɗan ƙasa a wani zamani da abin bai yi tsauri ba. Da ita Tam ya rataya har ya yi fasfo. Ya yi wanke-wanke a otal, ya koma gyaran kifi, daga nan aka kawo shi wani gidan abinci a Deira, shi ke sayo musu kifi kullum. Ɗakinsu su takwas ne, gado a kan gado.

Matarsa kuwa 'yar ruwa ce zalla, ba ta da takarda ko ta naɗe ƙosai. Uwarta, surukar Tam, tana budurwa aka kore su daga ƙasar lokacin yaƙi, takardunsu suka salwanta. Bayan shekaru suka dawo kan ruwan da aka haife su, aka ce musu baƙi. Da aka haifi Luwa a cikin jirgi, aka je wurin magatakardan gari a rubuta haihuwarta, ya ce a kawo takardar uwa. Babu. Makarantar kan tudu ta ce a kawo takardar haihuwa. Babu. Yarinya tana ganin sa'o'inta da farar riga, ita tana tsinke kan kifi kamar ubanta. Wannan ne ciwon Tam. Duk ranar da ya nuna min hotonta sai ya ɗaga guntun yatsan nan ya ce, "Baba Sabo, ɗaya ya isa a gida."

Wata Juma'a Hamissou ya raka ni kasuwar. Kin san shi, yaron Diffa ɗin nan da ke rubuta takardun jigilar kaya a ofishin ubanki, mai bokon Faransa. Na ce ya duba mana cikin wayarsa, mutanen su Tam nawa ne a ƙasar.

Ya daddanna ya ce, "Bon, Baba, nan sun ce biyar cikin ɗari."

Na ce, "To."

"Nan kuma sun ce ko ɗaya cikin ɗari ba su cika ba."

Na ce, "Kai Hamissou, wayar ce ta sha wani abu ko kai ne?"

"Wallahi Baba ga shi a rubuce. Tsakanin wannan da wancan akwai sama da mutum rabin miliyan."

"To ina suka shiga? Ko kada ya cinye su?"

Da aka fassara wa Tam sai ya yi dariya. Ya ce, "Suna kan ruwa, mai ƙidaya ba ya iya tuƙi." Sannan ya daina dariyar ya ce, idan zaɓe ya zo ana son tsorata mutane sai su yi yawa, idan kuma maganar makaranta da asibiti ce sai su ragu.

To bara, lokacin da tafkinsu ya cika, na iske Tam tsaye gaban kifi bai ko taɓa shi ba. Ya ja ni bayan akwatunan ƙanƙara. Ya ce hukuma ta aiko mutane a jirgi, suna bin ƙauyukan ruwa suna rubuta kowane ɗan asalin Biyetnam, da suna da hoto. A ƙauyensu kwana biyar za su yi. Surukarsa ta ce atafau ba za ta ba da suna ba, don rabonta da ganin an rubuta sunaye, jiragen kora ne suka biyo baya. Matarsa ta rasa na yi, tana kuka a waya. Ya ce, "Baba, kai mutumin ruwa ne, ga furfura. Abin da ka ce shi zan yi."

Rubuta wannan da kyau, don a nan na yi kuskure.

Mu a tafki, idan aka ce masu ƙidaya sun taho, babanmu ba ya wata shawara. Ya zuba mu a kwalekwale, ya kutsa cikin doguwar ciyawar ruwan nan kacala, mu kwana biyu uku muna cin banda har sauro ya kore su. Yakan ce mutum ba akuya ba ne da za a ƙirga shi. Ƙidaya haraji ke bin ta, ko a kwashi samari, ko baki ya kama yara. Da wannan na tashi, da shi na tsufa. Ko tari ban yi ba na ce wa Tam, "Tsohuwa ta yi gaskiya. Su ɓuya." Nan take ya buga waya. Kafin la'asar ɗinsu sun ɗaure gida sun ja shi cikin dajin da ruwa ya haɗiye, inda waya ba ta kamawa. Na koma Al Nahda ina jin na yi aikin dattako.

Kashegari bayan azahar ƙanena Badaru ya kira ni. Masifar yaran nan masu bindiga ta tashe su daga tsibiri, sun tsallaka Bosso a Nijar da jikoki shida.

Ya ce, "Yaya, tun safe nake zirga-zirga tsakanin tebur biyu. Teburin baƙi sun ce Hausata ta Nijar ce, in je na 'yan gida. Na 'yan gida sun ce ni ɗan Najeriya ne, in nuna takarda."

Na ce, "Ka gaya musu sunan tsibirinmu mana."

"Na gaya. Sun ce ba ya cikin littafi. Kai ka ji daɗi, ɗanka ya yi ta hawa da sauka da shaidu har ya yi maka fasfo. Ni wa zai tsaya min? Yaya, Baba ya ɓoye mu a kacala, ga shi har yau ba mu fito ba."

Muna gama waya, Hamissou na kira, Allah ya yi masa albarka, ya nemi wani kawunsa a Diffa ya je ya tsaya wa Badaru. Wannan ya samu mafita. Amma ni tuwo bai shige ni ba ranar, don na san da bakina na tura wata yarinya cikin kacala.

Tsoho ya haɗiye maganarsa, wallahi ƙayar tarwaɗa ta fi sauƙin wucewa. Da safe, kwana na uku ke nan, na tari Tam tun a ƙofar kasuwa. Na ce, "Na ɓatar da kai. A fito da su." Na ba shi labarin Badaru da baki da hannu. Ban taɓa ganin fushinsa ba sai ranar. Ya ce, "Kalas, Baba, an gama! Yanzu ka ce? Babu waya a wurin. Dajin ya fi Dubai faɗi. Saura kwana biyu."

Na ce, "Wa ke sayen kifinsu?"

Ya ce, "Kifi kuma?"

Na ce, "Tam, kai ma ka sani, ka manta ne don ka daɗe a kan siminti. Masunci yana ɓuya wa hukuma, yana ɓuya wa ɗan'uwansa, amma ba ya ɓuya wa mai sayen kifinsa. Kifi ba ya jiran a gama ƙidaya."

Ya dube ni, sai ya fara lalubar waya. Akwai wata mata mai jirgin ƙanƙara da ke zagayawa kowace safiya tana kwasar kifi. Da ya same ta ta rantse ba ta san inda suke ba. Na ce masa, "Haka ya kamata ta ce, mutuniyar kirki ce. Ci gaba." Ya yi ta roƙo, ya ambaci uwarta, ya ambaci Luwa. Daga ƙarshe ta ce ita dai ba ta san inda suke ba, amma gobe da hantsi zai iya kiran wayarta.

Kwana na huɗu muka taru bayan akwatunan ƙanƙara, ni da Tam da Hamissou, wanda ya biyo ni wai kada in faɗi a hanya. Mai ƙanƙara ta ɗauko tsohuwa ta fito da ita sararin ruwa inda waya ke kamawa. Tam ya buɗe muryar wayar. Muna jin injin jirgi, muna jin wata murya siririya mai kaifi kamar ta gauraka. Ita ta faɗa da yarensu, Tam ya juya min da Larabcinmu, ni in mayar.

Ta ce, "Shi ne tsohon? Rannan ɓuya, yau fito. Kansa tuta ce, duk inda iska ta kaɗa?"

Hamissou ya toshe baki. Na ce, "Gaya mata na karɓi zagin, nawa ne." Na ba ta labarin babanmu da kacala, da Badaru tsakanin tebur biyu. Na ce ban san abin da hukumarsu za ta yi da sunayen ba, ba zan yi mata ƙarya ba. Abin da na sani, wanda ba a rubuta ba, ranar da ya nemi a gan shi ba mai ganinsa.

Sai ta ce, "Baki ba ya ciwo wajen ba wa wani shawara. Shi 'ya'yansa nawa? Ya ƙirga min su, da sunayensu, ni da bai taɓa gani ba. In ji ko zai iya."

Halima Sa'adiya, kin san ni. Tun da nake ban taɓa ƙirga 'ya'yana a fili ba, idan an tambaya in ce alhamdulillahi. Ubanki kuwa ɗan fari ne. Shekara arba'in da takwas sunansa bai fita daga bakina ba, sai dai wancan, ko mai ofis. Hamissou ya zaro ido, ya ce, "Baba, bari in faɗa a madadinka." Na ce, "Ba kai ta tambaya ba."

Gumi ya keto min, ga ni jingine da ƙanƙara. Na kawo baki kusa da wayar na ce, "Salmanu." Ke daina murmushi, rubuta. Na ce, "Salmanu, ɗaya. A'i, biyu. Ni'imatu, uku. Sai biyu da suka koma tun suna goye, Kadija da wani da ko suna bai kai ba. Biyar."

Hamissou ya ce, "La'ilaha! Da na sani na ɗauka a waya, oga ya ji."

Na ce, "Ka ɗauka in karya maka ita."

Tam ya bayyana mata abin da ya faru, ya ce a wurinsu wannan baƙin tsoho abin da ya yi kamar ya tuɓe riga ne a kasuwa. Sai muka ji muryar ta sauka. Ta ce ita ma tana da uku da suka rasu a hanyar gudu, ƙannenta. Ta tambaya ko masu littafin za su rubuta matattu. Tam ya ce a'a. Ta ce to bari ta faɗa wa tsohon, ya riƙe. Ta faɗi sunaye uku. Harshena ba ya iya juya su daidai, amma suna nan a kaina.

Sannan ta ce, "Zan je. Amma idan suka loda mu a jirgi, ka gaya masa ko a lahira sai na nemo shi."

Kwana na biyar jirgin ƙanƙara ne ya jawo gidan. Igiya ta tsinke sau biyu a cikin rassa. Sun iso masu ƙidaya sun fara naɗe kaya. Matar Tam ta ce tsohuwa ce ta fara hawa, ta zauna gaban mai hoto ta ɗaure fuska kamar za a cire mata haƙori. Aka rubuta ta, aka rubuta 'yarta, aka rubuta Luwa.

Kada ki sa kamar komai ya gyaru, don bai gyaru ba. Takardar da aka ba su cewa ta yi su baƙi ne mazauna. Tsohuwa da aka haifa a kan wannan ruwa, baƙuwa! Ta yi kwana uku tana zagin takardar, tana haɗawa da ni. Kuma mutane da yawa a ƙauyen ba su fito daga dajin ba har aka tashi. Amma dai yanzu matar Tam tana da suna da hoto a hannun hukuma. Da hutun Tam ya zo ya tafi, ya haɗa tasa takardar ta ɗan ƙasa da ta matarsa, ya je wurin magatakarda. Aka ce ya dawo. Ya dawo, aka ce mai sa hannu ya tafi biki. Zuwa na uku ya ɗauki yarinyar ya zaunar da ita a bakin teburin, ya ce ga ta nan, a duba ko an haife ta. Mutumin ya yi dariya ya jawo littafi.

Luwa ta shiga aji ɗaya tana shekara tara. Ta fi kowa tsawo, aka kai ta layin baya. Uwarta ta ce yanzu duk jirgin da ya wuce sai ta karanta abin da aka rubuta a jikinsa da ƙarfi, har kakar ta ce za ta jefa ta ruwa in ba ta yi shiru ba.

Watan jiya wani da ya dawo daga can ya kawo wa Tam wasiƙa, rubutun hannunta na farko. Ya zo da ita kasuwa. Ya buɗe, muka sa kai mu biyu muna kallo, shi bai iya ba, ni ban iya ba. Rubutunsu kamar taru ya harɗe. Hamissou ya juya ta sama ya juya ta ƙasa ya ce wannan ya fi ƙarfin Faransa. Muka yi ta yawo a Deira da takarda a hannu, har muka samu wata 'yar ƙasarsu a teburin karɓar baƙi na wani otal. Ta karanta mana a tsaye.

Layi uku ne. Tana gaida babanta. Kaka ta ce a gaida baƙin tsoho, a ce masa har yanzu ba a loda su ba. Na uku, malama ta ce ba a zuwa makaranta ba takalmi, ita Luwa kuwa ba ta taɓa sawa ba, don a kan ruwa ba a bukata. A cikin ambulan ɗin ta sa guntun zaren fatsa, ta yanke shi daidai tsawon ƙafarta.

Ranar Juma'a muka shiga kasuwar Naif da zaren, muna gwada shi a tafin takalma ɗaya bayan ɗaya. Tam ya so daidai. Na ce ya ƙara yatsa biyu, ƙafar yaro ba ta tsayawa. Ya kalle ni ya ce, "Baba, wannan shawarar za ka janye ta jibi?" Na ce wannan kam ya riƙe. Baƙaƙe muka saya, masu maɗauri.